Ɗinkin buti na ya karkace bayan na cusa auduga, a ina na kuskure?

Maman Hanan: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu ɗinkin hannu ku matso kusa shawara nake nema. Wata biyu kenan ina kan wani ɗinki na mutanen kudancin Faransa da ake kira buti, wanda ake haɗa farin yadi biyu a ɗinke zane a kai, sannan a bi ta baya ana cusa zaren auduga har zanen ya taso. Ɗan ƙaramin shimfiɗi nake yi na jariri, santimita 45 kowane gefe, ƙanwata ta kusa sauka ina so ranar suna a riƙe jaririn a kai. Na zana kwandon furanni a tsakiya da ganye a kusurwa huɗu, na gama ɗinkin lafiya lau yana kwance sumul. To tunda na fara cusa audugar abu ya rikice min, tsakiyar ta tashi kamar an kifa kwano, filin da ke tsakanin kwandon da ganyen duk ya tattare, kusurwa ɗaya kuma ta ja gefe. Bayan kuma duk huda-huda ne inda allura ta shiga. Ban wanke ba, ban yi bakin ba, na tsaya cak. Ya lalace kenan ko akwai gyara?

Ummu Sadik: Wa alaikumussalam. Turo hoto mu gani gaba da baya, kuma ɗaga shi a taga ki ɗauka mana ɗaya.

Maman Hanan: Gasu nan na turo guda uku.

Ummu Sadik: Kai masha Allah, ɗinkinki ƙanana ne kuma a jere, wlh hannunki na da kyau. Amma inaga guga kawai yake so, ki yayyafa ruwa ki danne shi zai kwanta.

'Yar Maraɗi: A'a dan Allah kar ki guge! Maman Hanan kar dutsen guga ya kusanci wanga aiki. In kin danne shi audugar za ta mutu zanen ya lafe, kuma in da biro mai gogewa da ruwa kika yi zanen, zafi na iya kama shi ya zauna daram. Ki dakata in gama abin da nike yi in rubuto miki da tsawo.

Maman Hanan: To Anti ina jira. Eh da shuɗin biron nan na ruwa na zana.

Hajiya Babba: Ni tambayata daban ce 'yan nan. Fari fat ba ɗigon launi, kuma a ɗora jariri a kai ranar suna? Kar dangin miji su ce an kawo musu likkafani. Ku dai yi tunani, mutanenmu akwai fassara abu.

'Yar Maraɗi: To na dawo. Da farko aikinki bai lalace ba, ki kwantar da hankalinki, abin da ya same shi na samun kusan kowa a aikin farko kuma matsalar ba a cusawa ta faro ba, tun wurin zane ta faro. Ni shekarata goma sha ɗaya a kusa da garin Nim a kudancin Faransa, wata tsohuwa maƙwabciyata ce ta koya mini, kuma abu na farko da ta nuna mini shi ne buti ba ya son fili. Duk inda kika cusa auduga yadin wurin na tashi sama, in ya tashi sama kuma dole ya janyo yadin da ke kewaye da shi, wato wurin ya tsuke kenan. Ke kin cika kwandon tsakiya ya tsuke, kin cika ganyen kusurwa sun tsuke, filin da ke tsakaninsu kin bar shi fayau bai tsuke ba, to ina rarar yadin za ta je? Dole ta tattare. Shi ya sa in kika duba tsofaffin da anka ajiye a gidajen tarihi za ki ga bayan furannin duka an cika shi da 'yan siraran layuka a jere, a karkace, kowane layi an zura mishi zare. Su Faransawan suna kiran layukan da sunan taliyar nan siririya, don haka suke kama. Mutane na zaton ado ne kawai, ado ne amma aikinsu na gaske shi ne su sa yadin ya tsuke bai ɗaya. Gyaran naki: ki koma ki zana layuka a duk filin nan, tazarar milimita 3 zuwa 4 tsakanin layi da layi, ki ɗinke ki zura musu zare, za ki ga kwanon na sauka da kanshi. Aiki ne babba ban ɓoye miki ba, ya fi kwandon cin lokaci.

Maman Hanan: Innalillahi, duk filin? Anti haihuwar saura sati biyar fa in Allah ya kaimu.

'Yar Maraɗi: In lokaci ya ƙure akwai hanya ta biyu, ki yi murabba'ai ƙanana kamar ragar kamun kifi, kowane gida santimita ɗaya ko ƙasa da haka, ki cika kowane gida. Ɗinkin ya fi sauri don layukan ba su da yawa. Sai dai cikawar gida-gida ita ma tana da cin rai. Ni dai da layukan zan zaɓa don zura zare a miƙaƙƙen layi ba wuya, allura na shiga ta wannan baki ta fita ta wancan.

Maman 'Yan Biyu: Ni fa ban yarda sai an cika ko'ina ba. Na yi rigar filo bara, fure ɗaya a tsakiya na cusa, sauran na bar shi haka kuma ba abin da ya same shi har yau yana kan kujera.

'Yar Maraɗi: Rigar filo ai filon ne ke miƙe ta daga ciki 'yar uwa, ko ta tattare ba za a gani ba. Ciro filon ki shimfiɗa ta a tebur ki gani. Nata shimfiɗi ne, ba abin da zai riƙe shi sai kanshi.

Maman 'Yan Biyu: Hmm gaskiya ne wannan, in na wanke ta kafin in mayar da filon takan yi wani iri. Amma duk da haka ina ganin ana tsaurarawa da yawa, ba kowa ke da wata shida na zura zare ba, mu da muke da yara da girki da makaranta.

Mai Hula Zariya: Salamu alaikum iyayenmu da yayyenmu, ku yi haƙuri na shigo maganar mata, ni ɗinkin hula nake yi shekara ashirin da wani abu. Abin da Anti ta faɗa haka yake ko a hula, in ka cika wani gefe da zare ka bar wani gefe, hular murɗewa take yi, sai ta ƙi zama a kai. Amma abin da ya ja hankalina, wannan aikin ai ɗan uwan lifidi ne. Duk wanda ya taɓa ganin 'yan lifidi a hawan sallah ya ga yadi biyu da aka cusa wa auduga aka bi da ɗinki. To mene ne bambancin, ko dai sunan Faransanci ne kawai?

'Yar Maraɗi: Malam tambayarka ta yi kyawo. Bambancin na wurin wane ne ya riga wani. A lifidi da bargon ɗinki audugar na ciki ake bin ta da ɗinki don a riƙe ta. Su ma Faransawan suna da irin wannan, yadi sama, shimfiɗar auduga a tsakiya, yadi ƙasa, kuma a kasuwa yanzu duk bargon gado mai ɗinki sai su kira shi buti don ya sayu, har na inji. A buti na gaske yadi biyu ne kawai ba komai a tsakani, sai an gama ɗinki tas sannan auduga ta shiga ɗaki-ɗaki ta baya, kuma ba a tsaga yadin da almakashi, zaren yadin ake ɗan buɗawa da allura mara kaifi. Shi ya sa gaba da baya duka suna da kyau. Gwajin shi ne ɗagawa a haske kamar yadda Ummu Sadik ta ce a yi, inda ɗinki ya bi haske zai ratsa, inda auduga take ya yi duhu. Lifidi don ya tare kibiya da takobi anka yi shi, wannan don haske ya ratsa.

Mai Hula Zariya: Na gane. Allah ya ƙara sani.

Hajiya Babba: Ba wanda ya amsa min maganar fari fa.

Ummu Sadik: Hajiya ai zanen goyo da tawul da kayan jarirai farare muna saye kullum ba wanda ya ce komai. Babbar riga fara mai aiki fari a kai ma ai ita ce ta manya.

Hajiya Babba: Babbar riga daban, shimfiɗar da za a kwantar da jariri daban. Ni na ga abin da ya faru a wani suna kan zani kawai, magana ta yi shekara ba ta mutu ba. Ba hana ta nake ba, so nake ta sani.

Maman Hanan: Hajiya na gode kuma na fahimce ki, na yi wa ƙanwar tawa magana tun kafin in fara ta ce tana so, surukarta ma ta gani a waya ta yaba. Amma ni ma na so in san dalilin farin, dole ne?

'Yar Maraɗi: Ba dole ba ne, akwai tsofaffi na siliki masu launi, rawaya da shuɗi, sai dai su haske ba ya ratsa su kamar fari. Farin kuma yana da tarihi. Marsey, wani gari a kudancin Faransa, tashar jiragen ruwa ce da anka sassauta wa haraji tun 1669, auduga da yadi na shigo mata daga gabashin Bahar Rum. A 1686 sarautar Faransa ta haramta yadin auduga mai zanen launi irin na Indiya don masu saƙar siliki da ulu na ƙasar sun yi kuka kasuwarsu na mutuwa, haramcin bai tashi ba sai 1759. Farin yadi ɗinkakke na Marsey kuma ya samu kasuwa sosai har ƙasashen waje, har masu masaƙa a Ingila sunka koma saƙa kwaikwayonshi suna kiran shi da sunan garin. Daga baya aikin ya koma cikin gidaje a yankin Provence inda Marsey take, 'yan mata na ɗinka fatarin aurensu da shi, su sa harufan sunansu da shekara a gindin fatarin. Kuma abin da kike yi daidai yana da suna wurinsu, petasun, ɗan murabba'in da ake sawa ƙarƙashin jariri in za a miƙa wa mutane su ɗauka, don kar ya ɓata musu tufa. Kin ga ashe aikin ranar suna ne tun asali. In hankalin Hajiya bai kwanta ba ana iya shimfiɗa shi kan atamfa mai launi, launin zai ɗan leƙo ta layukan ɗinkin, yana kyau ƙwarai.

Hajiya Babba: To wannan dabara ta yi. A sa atamfa a ƙasa. Allah ya sauke ta lafiya.

Maman Hanan: Amin Hajiya. Anti saura maganar hudojin baya, su ne suka fi tayar min da hankali wlh, wasu har audugar na leƙowa.

'Yar Maraɗi: Da wace allura kika cusa, kuma zare nawa kike ja a lokaci guda?

Maman Hanan: Basilla ce, ina ninka zaren huɗu in zura a kunnenta.

'Yar Maraɗi: To ga dalili nan. Basilla na da kaifi tana yanka zaren yadin, in ya yanke kuma ba ya komawa. Kuma ninki huɗu a kunnen allura ya zama takwas a wurin shiga. Ki nemi allura mai dakusasshen baki, ki zura mata zare mai ƙarfi ninki biyu ya zama kamar zarge, sai ki rataya audugar a zargen, allura ta wuce ta janyo audugar a bayanta. Ramin da za ta bari kaɗan ne. In ta fito ki yanke ki bar ɗan wutsiya kamar milimita 2, ki tura shi ciki da tsinken sakace, sannan ki sosa wurin da bakin tsinken a hankali zaren yadin ya koma mazauninshi. Ganye ko fure mai faɗi ba a cusa mishi dunƙule, zare ake jerawa ɗaya gefen ɗaya har ya cika, kuma kar ya yi tauri kamar dutse, in kin matsa da yatsa ya ɗan lotsa ya dawo. A hotonki na biyu furannin kwandon sun cika fiye da kima, su ma suna cikin abin da ya ɗaga tsakiyar, ki zare ɗaya ko biyu daga kowane. Sauran ƙananan hudojin wanki ne zai rufe su. Waɗanda basilla ta yanka sosai ki kama su da siririn zare ɗinki biyu uku, a baya ne ba mai lura.

Amaryar Gusau: Ni sabuwa ce ina ta karatu ina ƙaruwa. Tambaya: ina ake samun zaren cusawar a nan? Na zaga ban ga mai suna haka ba. Ulun saƙa zai yi?

Maman Hanan: Ni zaren saƙa na auduga na samu fari mai laushi, na warware shi. Yadin kuma farin boyel na auduga zalla na saya a Kantin Kwari don ban samu batis, siririn yadin da masu buti suke faɗa, ba.

Maman 'Yan Biyu: Ni da ulu na yi nawa kuma ya tashi da kyau.

'Yar Maraɗi: Ulun kasuwa yawanci roba ne, ba ya shan ruwa ya buɗe kamar auduga, kuma yana da santsi, da an yi wanki biyu uku sai ya fara leƙowa ta ramukan. Ga abin jariri da za a riƙa wankewa kullum ban ba da shawara ba. Kalmar da suke kiran zaren da ita ma ma'anarta lagwani, don haka ki riƙe wannan a ranki Amarya, abu mai laushi mara murɗi sosai kamar lagwani.

Mai Hula Zariya: To ai abawa kenan! Wadda tsofaffi ke kaɗawa da mazari, mai kauri mai laushi. Har yanzu ana samu wurin masaƙa.

Ummu Sadik: Ko audugar rimi, ga ta nan a banza lokacinta.

'Yar Maraɗi: Rimi a'a, gashinta gajere ne mai santsi ba ya kaɗuwa, ba ya shan ruwa, sai a filo da katifa. Abawa kuwa Malam wallahi ka tuna mini, na gwada da wadda innata ta aiko mini kuma ta zauna da kyau. Abu biyu dai: ba fara fat ba ce, ƙarƙashin siririn yadi za ta ba da launin madara, ni ina son haka amma wani ba ya so. Na biyu a tsince ɓawon gurya da ke maƙale a jiki, in an bar shi yana bayyana baƙi-baƙi a haske kuma yana iya zubar da launi a wanki. A dafa ta da sabulu a shanya kafin a fara. Kuma kaurinta ba ɗaya ba ne daga farko zuwa ƙarshe, a siraran layuka sai an zaɓa.

Mai Hula Zariya: To in an yi da abawa, a yadin Kwari, aka zana dagi ko aska takwas maimakon kwandon furanni, sunansa buti har yanzu?

Maman 'Yan Biyu: Ni a ganina ya zama namu kawai, a sa masa suna da Hausa a huta.

Ummu Sadik: A'a, hanyar aikin ai tasu ce, in ka koyi abu wurin mutane ka faɗi inda ka koya. Shadda ma ba mu muke saƙa ta ba amma aikin da ke kanta namu ne kuma kowa ya sani.

'Yar Maraɗi: Ni ina bayan Ummu Sadik. Su kansu ba su ne farkon masu cusa auduga a ɗinki ba, akwai wani bargo da anka ɗinka a tsibirin Sisili na Italiya a ƙarshen ƙarni na 14 mai labarin Tristan, wani jarumin tatsuniyar Turawa, wani ɓangarenshi na gidan tarihin Victoria da Albert a Landan wani na gidan tarihin Bargello a Italiya. Amma mutanen Provence sun riƙe nasu salon sun raya shi, akwai gidan buti a wani ƙaramin gari Calvisson nan kusa da mu, na je sau uku, kuma a 2019 Faransa ta sa shi cikin jerin al'adunta na gado. To in ce buti ne mai zanen Hausa, ban rage kowa ba. Kuma Malam, dagi kamar don wanga aiki anka yi shi, don dagi layi ne mai hawa kan layi yana shiga ƙarƙashi, hanyar zare ce a shirye. Sai dai a kula a wurin zane, duk inda layi ya shiga ƙarƙashin wani a rufe shi da ɗinki, zaren ya fita ta baya ya sake shiga a ɗaya gefen. Aska ce mai wuya, tsininta siriri ne auduga ba ta kaiwa ƙarshe, gindinta kuma ya yi faɗi da yawa, sai an raba ta gida-gida a tsaye. Duk siffar da ta wuce faɗin yatsa a raba ta, in ba haka ba audugar za ta taru gefe guda bayan wanki.

Mai Hula Zariya: Zan zana dagi a takarda da faɗin da kika ce in turo a duba min.

Hajiya Babba: Gara dagin ma da furanni, na ga wasu a intanet da tsuntsaye, ni ba na son hoton mai rai a abin shimfiɗa.

Maman Hanan: Nawa ba tsuntsu Hajiya, kwando ne da ganye kawai.

Maman Hanan: Salam 'yan uwa, na dawo bayan sati uku da kwana biyu. Alhamdulillah na gama layukan, kullum bayan asuba awa ɗaya da dare awa biyu, na faro daga jikin kwandon ina fita waje kamar yadda Anti ta ce min. Wlh tun ina rabi na ga tsakiyar na sauka. Yanzu ya kwanta sai ɗan kaɗan a kusurwar nan. Amma ya ragu fa, daga 45 ya koma 41 da rabi. Yanzu wanne zan fara, baki ko wanki?

Ummu Sadik: Masha Allah tabarakallah! Ni dai baki nake fara yi a kowane ɗinki, kar ya zare a ruwa.

'Yar Maraɗi: Barka da ƙoƙari ƙanwata, raguwar daidai ce, shi ya sa ake barin rarar yadi santimita biyar ko fi a kowane gefe tun wurin yanka. Akwai masu yin baki kafin wanki, ni wanki nike farawa, don zai ƙara tsukewa a ruwa, in kin riga kin kalmashe bakin shi ba zai tsuke daidai da cikin ba sai ya yi ta lanƙwasa. Kuma rarar yadin nan ita za ki soka wa allurai wurin miƙewa, ramukan su tafi da abin da za a yanke. Don kar ya zare ki bi gefen da babban ɗinki na riƙo kawai. Wankin: fara jiƙa shi a ruwan sanyi zalla ba sabulu har shuɗin biron ya fita tas, ki canza ruwan sau biyu uku, don wani sabulun na mayar da shuɗin ruwan ƙasa kuma ba ya fita. Bayan nan ruwa mai ɗumi da farin sabulu mara turare mara launi, su da sabulun Marsey suke yi. Ki bar shi ya kwana a ciki in ya yi dauɗar hannu. Ba cuɗawa, ba murɗewa, ba bilic, ba bula. Ki naɗe shi a farin tawul ki danna ruwan ya fita.

Maman Hanan: Ruwan rijiyarmu ja-ja ne fa, yana rina fararen kaya.

Maman 'Yan Biyu: Sayi fiya wata leda ɗaya ki yi da shi, aikin wata uku ya fi ƙarfin a yi masa rowar ruwa.

'Yar Maraɗi: Haka ne. Sai miƙewa, nan ne kusurwar taki za ta gyaru. Ki samu katako ko kwali mai kauri ki rufe da leda sannan farin ƙyalle, ki zana murabba'i a kai da ma'auni. Ɗora aikin yana da danshi fuskarshi sama, soka allura a tsakiyar kowane gefe tukuna, sannan kusurwoyi, sannan ki cike tsakani duk bayan santimita biyu kina ja a hankali. Ki auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, ki auna ɗayan, in sun zo ɗaya ya miƙe. Alluran su zama marasa tsatsa, ki gwada ɗaya a jiƙaƙƙen ƙyalle ya kwana ki gani, tsatsa a farin buti ba ta da magani mai sauƙi. A inuwa zai bushe a kwance, kuma da yake iskar hunturu ta fara ki rufa mishi siririn mayafi saboda ƙura. Kar ki cire sai ya bushe ƙayau har cikin audugar, kwana biyu ma ba laifi.

Amaryar Gusau: Anti bakin fa? Ina rubutawa a littafi.

'Yar Maraɗi: Hanya biyu na sani da kyau. Mai sauƙi: a kewaye aikin da layuka miƙaƙƙu biyu ko uku a zura musu zare, su ne kamar bango. Bayan layin ƙarshe a rage yadin baya ya saura kaɗan, na gaba a bar mishi kamar santimita ɗaya, a ninka shi sau biyu zuwa baya a kama da ƙananan ɗinki a jikin layin ƙarshen, kalmasar ta yi siririya kamar ita ma layi ce. Ta biyu baki mai kunne-kunne, a zana shi tun farko, a bi shi da ɗinkin bakin maɓalli a matse, sannan a yanke rarar da ƙaramin almakashi dab da ɗinkin. Ya fi ado amma a zane ake shirya shi, ba a ƙarshe ake tuno shi ba. Maman Hanan na ga kina da layi biyu a kewaye, ki yi ta farkon. Zaren layukan kewayen kar ki ja shi ya zagaye kusurwa a miƙe, ki fito a kowace kusurwa ki bar ɗan lanƙwasa ki sake shiga, in ba haka ba in ya tsuke zai janyo kusurwar ciki. Ina zaton ma abin da ya ja miki kusurwa ɗayan kenan.

Maman Hanan: Wallahi haka na yi, zare ɗaya na zagaya da shi kusurwa biyu. Bari in zare shi in sake kafin wankin.

Maman Hanan: Na cire shi daga katako yau da safe. 41 da 41, kusurwa zuwa kusurwa duka biyun 58. Hudojin baya sun rufe sai guda uku da na kama da zare. Ga hoto a taga. Anti Allah ya saka da alheri ya jiƙan mahaifa, Malam da Hajiya da kowa na gode. Kalmasa ta rage, gefe ɗaya na yi da daren nan.

Hajiya Babba: Kai, a hasken nan kamar ba hannu ya yi ba. Na janye maganata, amma atamfar dai a sa.

Mai Hula Zariya: Masha Allah. Anti ga dagin nan na turo, faɗin layin milimita 4, duba min mahaɗar tsakiya ko na rufe ta daidai.

'Yar Maraɗi: Na gani Malam. Ta hagu ta yi, ta dama ka bar ta a buɗe ta bangare biyu, layukan za su haɗe zaren ya rasa hanya. Rufe na ƙasan ka sake turowa.